Ramin da Kawu Ya Sa Aka Haƙa Masa Yana Raye

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, kuma a makon jiya kiran ya zo kan Kawu, yayan mahaifiyata. An yi zaman makoki a ƙofar gidansa, a ƙauyenmu da ke bakin tabki kusa da Wara. Masunta sun zo da ƙarnin kifi a jikinsu, suna tambayar juna wa zai riƙa duba musu injin jirgi yanzu. Tsohuwar da ke da injin niƙa a unguwar ta tsaya daga nesa tana kuka, ta ƙi shiga wajen mata, ta ƙi komawa gida. Duk wanda ya zauna ya shafa fatiha, sai ka ga idonsa ya zame zuwa gindin mangwaro, inda 'yar motar Kawu take lulluɓe da tamfol.

Wani dattijo cikin masu haƙa kabarin garin ya gama addu'arsa, sannan ya dubi liman ya ce, "Wanga karo dai da gaske ne ko?"

Liman ya so ya tsawata masa, dariya ta ƙwace masa, kafin ta ƙare hawaye sun biyo. 'Yan'uwanmu da suka zo daga Birnin Kebbi, waɗanda sabuwar jiha ta kwashe da aiki, suka riƙa kallon-kallo, suna ganin an yi rashin ta ido a wurin makoki. Ba su san abin da aka tuna ba. Saboda su nake rubuta wannan, da kuma jikokinsa da za su taso su ji ana cewa kakansu mutum ne mai taurin kai, ba tare da an faɗa musu a kan me ya yi taurin kan ba.

Kawu ɗan siririn mutum ne, gajere, mai baƙaƙen farata da sabulu ya gaji da su. Da ƙuruciya ya yi kanikanci wajen Turawan da suka gina madatsar Kainji, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya bar masa motar da zai koma ƙasarsu. Koriya ce, kujera biyu rak, doguwar gaba, ba rufi sai na yadi, kuma ta yi ƙasa-ƙasa har in ka zauna ciki kana iya taɓa ƙasa da hannu. An ce a can garinsu ta tsere ce. A wurin Kawu ba ta taɓa tsere da kowa ba, jakuna ma sun sha wuce shi a hanyar kasuwa.

Duk injin da aka kawo masa, kafin ya taɓa shi sai ya ce, "Bari mu ji ta bakinta." Ya kafa bakin sukuddireba a jikin ƙarfe, ya ɗora kunnensa a kan mariƙin, ya lumshe ido. Da girma ya zo, kunnen ya yi nauyi, sai ya koma ji da tafin hannu. Abu ɗaya ke fitar da shi daga hayyacinsa, ya ga an ɗaga guduma a kan inji don haushi. Ya taɓa korar wani babban masunci daga ƙofar gidansa a kan haka, ya ce ya je ya koyi haƙuri ya dawo. Ita kuwa tsohuwar nan mai injin niƙa, in ya ji sautin injinta ya canza, da sassafe zai je ya gyara ya bar wurin kafin ta fito, don ba ya son godiya.

Ni kuma matsoraci ne. Kowa a dangi ya sani, ban taɓa musu ba. Ina koyarwa a firamare a Yelwa, ina da jiki, kuma Kawu bai taɓa kirana da sunana ba sai Tica. Hutun damina ne ya kawo ni gida a shekarar da abin ya faru, na tarar da gidan ba daɗi.

Matarsa, wadda dukanmu muke kira Inna, tana da ciwon suga, kuma wani ɗan rauni da ta ji a diddige ya ƙi warkewa. Ya zama gyambo, ƙafar ta kumbura, gefen ciwon ya fara baƙi. Malamin asibitin Wara ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai ta babban asibiti a Yelwa, in aka ɓata lokaci ƙafar za a yanke. Babur ba zai yiwu ba. Motar kasuwa sai an ɗaga ta sama an cusa cikin buhuna, ita kuwa ko taɓa ƙafar aka yi sai ta yi ƙara. Kwale-kwale kuma an hana ciwon ya ga ruwa. Motar Kawu kaɗai ce za ta iya zama ciki kamar ta zauna a kujerar tsakar gida, ta miƙe ƙafa. Inna kuwa ta rantse ba za ta shige ta ba.

Dalilin shi ne motar ta koyi kuka. A ƙarƙashin kowace mota, inda ƙarafan da ke riƙe da taya suke haɗuwa da jikinta, akwai 'yan robobi da kanikawa ke kira bushin, su ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Na asalin motar baƙar roba ce mai laushi, sun tsufa sun farfashe, kuma ba a samun irinsu ko'ina. Sai wani ɗan kasuwar kayan mota ya kawo wa Kawu wasu jajaye daga Kaduna, masu tauri kamar ƙaho, ya ce sabon yayi ne, sunansu foli-wani-abu, kuma sai motar ta mutu ta bar su. Gaskiyarsa, ba su lalace ba. Amma da suka bushe, ko ɗan rami taya ta faɗa sai ka ji ƙiii, ƙiii, a hankali, da ja, daga gaba zuwa baya.

Na shiga ɗakin Inna ina lallashi. Na ce ƙara ce kawai ta roba.

Ta ce, "Tica, kai namiji ne, kuna bin gawa har maƙabarta. Mu mata ba mu zuwa. Abin da muka ji na ƙarshe shi ne kukan makara in anka ɗaga ta za a fita zaure. Ranar da anka fitar da ɗana na fari, wanga kuka na ji. Shi ne, ba wani ba. In na shiga motar ga, ba ni dawowa."

Tun daga ranar ni ma in motar ta motsa sai tsigar jikina ta tashi. Na gaya wa Kawu, ina jiran ya yi faɗa ya ce camfi ne. Bai yi ba. Sai ya ce, "To, sai ta yi shiru ke nan."

Kafin zuwana ya riga ya gwada abin da za a iya yi daga waje. Ya tsiyaya baƙin mai, ta yi shiru da safe, da la'asar ta dawo. Ya cusa giris na gama-gari, ruwan rafin farko da ya tsallaka ya wanke shi, sauran ya kwashi yashi. Har man kaɗe ya shafa, rana ta narkar da shi, cinnaka suka yi wa motar layi. Ya bayyana mini cewa tsohuwar roba a manne take da ƙarfenta, murɗewa take yi a cikin kanta, shi ya sa ba ta da baki. Wannan jar kuwa juyawa take a kan wani ɗan bututun ƙarfe da ke tsakiyarta, in babu maiƙo a tsakaninsu dole ta yi ƙara. Sai an kwance, an goge, an sa mai a ciki, kuma hakan ba ya yiwuwa sai mutum ya shiga ƙarƙashi. Motar da ko kaza sai ta duƙa kafin ta wuce ƙasanta, ga tsakar gidan duk yashi, jak ɗin ɗaga mota nutsewa yake yi. Ya ce rami za a haƙa.

Da hantsi ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya kwanta rigingine, ya miƙe hannuwa a gefensa. Ya ce, "Tica, ɗauko kara ka auna ni."

Kowa ya san abin da ake aunawa da kara. Shi ake ɗorawa a kan mamaci a karya daidai tsawonsa, a kai wa masu haƙa. Na ce, "Kawu, don Allah, akwai abin awon tela a ɗakin Inna."

"Waɗanda za su haƙa ba su san inci ba, kara sunka sani. Ka ƙara taki guda wajen kai, don in samu wurin fita."

Na ɗora karan daga tafin ƙafarsa zuwa kansa. Ya rufe ido saboda rana. Na karya karan, ƙarar karyewar ta shiga mini har ciki, na ce a raina wannan ranar ba za ta ƙare lafiya ba.

A garinmu masu haƙa kabari ne kaɗai suka iya yanka bango ya miƙe a cikin yashi, don haka wajensu ya aike ni. Na ratsa gari da kara a hannu, fuskata kuwa duk tsoro. Tun kafin in buɗe baki dattijon nan ya ga karan, ya ga tsawonsa, ya ga ko wane ne ya kawo, ya fara salati. Ina cewa tsaya, ina cewa ba haka ba ne, wani ya riga ya ruga gidan liman. Da muka iso gida da diga da shebur, mata sun fara taruwa a ƙofa, Kawu kuwa yana zaune yana jera sifanu a kan buhu.

Liman bai yi dariya ba a ranar. Ya tsaya a kan layin da Kawu ya ja a ƙasa, ya ga ya miƙe daga kudu zuwa arewa, yadda ake haƙa wa Musulmi. Ya ce, "Alhaji, ko ba ka jin tsoro, ka ji tausayin iyalinka. Juya shi ko yaya."

Kawu ya ce, "Ƙofar gidan ga can take. In na juya shi, ta ina mota za ta hau? Sai in rushe katanga."

"To ka rushe."

"Katanga kwana nawa za ta ci? Ka shiga ka ga ƙafar, Malam, sannan ka fito ka gaya mini in jira."

Suka ɗaga wa juna murya, mutanen da tun suna samari suke sahu ɗaya. Liman ya tafi yana cewa shi ba ya cikin wannan, kuma sai da aka yi Juma'a biyu ba su gaisa ba.

Aka haƙa. Ɗan siriri, zurfinsa bai kai ƙugu ba, jar ƙasar a tare gefe guda. Na hana kaina kallonsa, idona ya ƙi. An shimfiɗa katakon wani tsohon kwale-kwale a bakinsa hagu da dama, muka tura motar ta hau. Dattijon mai haƙa bai tafi ba. Ya nemi wuri a gindin katanga ya zauna, ya ce shi ya saba ganin ƙarshen duk ramin da ya haƙa. Na so in kore shi, na ƙyale.

Kawu ya zame ta gaban motar ya shige, kansa ne ƙarshen abin da na gani. Muryarsa ta fito daga ƙasa. "Tica, kai ka fi kowa nauyi. Danna gaban nan, ka saki, ka danna. Kar ka bari sai na ce."

Na ce, "Kawu, bari ni in shiga."

"Ramin bai ɗaukarka. Kuma in ka shiga mi za ka ji? Danna."

Na ɗora hannu biyu a kan motar na danna. Ƙiii. Na saki. Ƙiii. Shi yana ƙasa yana bin ƙarafan da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda ke karkarwa, ni ina sama ina jijjiga ƙarfe mai nauyi a kan ƙirjin yayan uwata, a kan katakon da ruwa ya gama ci. Duk dannawa sai in ga yashi ya ɗan zubo daga bakin ramin. Daga ɗaki kuma ina jin Inna tana ta hailala, don kukan da take gudu ga shi an kawo mata har ƙofar ɗaki ana maimaitawa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yinin ba, sai wanda ya zo bayansa.

Ya gano robobin da ke kukan, biyu a gaba, ɗaya a baya. Amma ya ce tunda an shiga, duka za a yi. Ya ɗaga gefe guda da jak a kan katako, ya tokare da tsohon turmi, ya kwance. Wannan sashen aikin a sarari aka yi shi, a inuwa, kuma shi kaɗai ne na ji daɗinsa. Bututun sun yi tsatsa, ya murje su da samfefa har suka yi ƙyalli. Robobin ya wanke su da ruwa da sabulu, ya hana a kusanto da fetur. Ya ɗauki 'yar wuƙa ya yi musu ƙananan tsaga a ciki, inda mai zai samu wurin kwanciya. Man kuwa daga bakin ruwa ya aiko aka karɓo, irin giris ɗin da ake sa wa injin jirgi, mai danƙo, wanda ruwa ba ya wankewa. Ya cika ciki da waje, har da gefen da ke gugar ƙarfe, ya mayar da komai, ya ɗaura notocin sama-sama.

Na ɗauka an gama. Sai ya ce ɗaurin ƙarshe ba a yin sa mota na rataye. Sai ta tsaya a kan tayoyinta, da nauyin mutum a ciki, yadda za ta yi tafiya. Dare ya riga ya yi, aka bari sai washegari, aka kuma yi ruwa kafin gari ya waye, ƙasa ta jiƙe. Na roƙe shi ya bari ta sha iska zuwa gobe. Ya ce ya leƙa ɗakin Inna da safe, baƙin ciwon ya hau sama da idon sawu.

Na zauna a kujerar da Inna za ta zauna. Ina jin sifana tana aiki a ƙarƙashina, ina jin kowane ja a cikin ƙashin bayana. Ya gama baya, ya gama gaban hagu. Yana kan na dama sai na ji wani taushi a ƙasa, kamar an zare wa motar numfashi, ta karkata wajena. Bakin ramin ya rufta. Katakon ya zame, rabinsa a kan ƙasa, rabinsa a kan iska, taya tana tsaye a daidai gefensa.

Na kama ƙofa zan yi tsalle.

"Kar ka motsa!"

Ban taɓa jin Kawu ya yi tsawa haka ba. Ya sassauta murya ya ce, "In ka tashi nauyi ya canza, tana iya zamewa. Zauna yadda kake. Ƙafafuna ne ƙasa ta rufe, hannuna na nan."

Na zauna. Gumi ya shiga idona ban share ba. Dattijon mai haƙa ya taso, ya durƙusa a gaban motar, bai taɓa komai ba. Inna ta ɗaga murya daga ɗaki, "Mi ya faru? Tica, mi ya faru?" Daga ƙasa Kawu ya amsa mata, "Ba komi, Tica ne ya yi nauyi."

Sannan na ji sifana ta ci gaba. Wallahi ci gaba ta yi. Ya ja notin, ya sake ja, ya gwada, sai da ya gamsu ya ce wa dattijon ya kama shi ta hammata. Aka zaro shi kamar rogo, ƙasa har ƙugu, takalminsa ɗaya ya tsaya a ciki. Maƙwabta suka kawo igiya aka ja motar baya ina ciki. Da aka ce in fito na fito, na zauna a ƙasa na yi kuka a gaban mutane, da girmana.

Kawu ya wanke jiki, ya sa aka tura motar har ƙofar ɗakin Inna. Ya ce in danna. Na danna da duk ƙarfina, ta sauka ta tashi, ba ko ƙis. Na koma baya na danna, haka. Inna ta sa aka ɗage labule, ta daɗe tana saurare. Sannan ta ce a miƙo mata mayafinta.

Muka kama hanyar Yelwa da azahar, ita a gefensa da ƙafar a kan matashi, ni a naɗe a ɗan wurin da ke bayan kujeru, gwiwoyina a haɓata. Lokacin wahalar fetur ne, kowane direba in ya zo gangara kashe inji yake yi. Da muka kai doguwar gangarar da ke sauka rafi, Kawu ya murɗa makulli. Da can a irin wannan wurin kukan robar ke cika kunne. Yau babu shi, babu inji, sai tayoyi a kan jar ƙasa. A cikin shirun nan wani ƙaramin sauti ya fito, siriri, yana shiga yana fita.

Inna ta juya. Na ce a raina shi ke nan, wani bushin ya tsira. Amma ba ƙasa take kallo ba. Kafaɗarta na jikin tasa, kusancin da ba su yi ba tun da ciwo ya kwantar da ita, don kullum daga bakin ƙofa yake gaishe ta, da rediyo a hannu, rediyon na ta magana. Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙirjinsa.

Kawu ya kai hannu zai tayar da inji. Ta riƙe hannun.

"Bar shi. Bari in ji."

Motar ta gangara a hankali har ta tsaya da kanta kusa da rafin. Sautin bai tsaya ba.

Ta ce, "Alhaji, tun yaushe?"

Ya dubi hanya. "Tun kafin ruwan fari."

"Da wanga ƙirji ka shiga ramin can?"

"Ƙafarki ba ta jira," in ji shi.

A asibitin Yelwa Inna ta ƙi yarda a kwance mata tsumman ƙafa sai an fara sa wa mijinta abin sauraren ƙirji. Likita ya saurara, ya daɗe, ya ce a ba shi gado shi ma. Ita an kankare ciwon, an yi ta wanki da allura, ƙafar ta tsira, ko yatsa ba a cire ba. Shi kuwa abin da aka ji a ƙirjinsa ba irin wanda ake gyarawa ba ne, aka ba shi magani aka sallame shi gida, kuma bai ƙara tuƙi ba.

Ya Allah, Kai ne ka ga abin da bawan nan naka ya ɓoye da abin da ya bayyana. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwancinsa, ka sanyaya zuciyar Inna. Ita ce ta yi jinyarsa har ranar ƙarshe, tana kai ruwa tana kawo kunu, tana tashi tana zama, a kan ƙafafunta biyu.